Uwar Humrar Ya Kura

Duk macen da ta taɓa sayen humra a Kazaure ta san gidan Ya Kura, ta kuma san faɗanta. Faɗan ba na ciniki ba ne, na kwalba ne. Za ta ɗura miki humra, ta toshe baki, ta miƙo, amma ba za ta saki wuyan kwalbar ba sai ta dube ki ido cikin ido ta ce, "Na ciki na sayar miki. Kwalbar aro ce, in ta ƙare ki dawo min da abata." Ki ce to. Ke kin san ba za ki dawo da ita ba, ita ma ta sani, shi ya sa tun ba ki kai zaure ba za ki jiyo ta tana mita da Barbarci.

Kuma tana da gaskiya. Ina kwalba take yanzu? Maganin tari a roba, lemo a roba, man kitso a roba, har zuma an koma ɗura ta a robar ruwan da aka tsinto a bakin titi. An cika mana kwatoci da roba, damina ta zo ruwa ya rasa hanya ya shigo mana ɗaki, wai ci gaba ne. To, humra ba ta zama a roba. Roba shanye ƙamshi take yi ta mayar mata da warinta, kafin wata ya zagayo abin da aka sha wahalar haɗawa ya tashi a banza. Saboda haka rabin sana'ar Ya Kura haɗa turare ne, rabi neman kwalba.

Ta san duk inda kwalba take kwana a garin nan. Masu shayi suna ajiye mata kwalaben bamar da suke shafa wa burodi, mai kemis na bakin tasha yana tara mata ƙanana na maganin yara. In ta kwaso sai ta jiƙa su, ta kankare takardar jiki, ta zuba toka da yashi ta girgiza, ta ɗauraye da ruwan zafi, ta kife su a kan karare. Da hantsi in ka leƙa tsakar gidanta sai ƙyalli ya kashe maka ido. Waɗanda suka bushe a zuba a buhu, buhun kuwa a ɗakin kwananta, don ba ta yarda kwalba ta kwana a waje ba.

A wajenta kwalba daraja gare ta hawa-hawa, kuma gangarowa take yi, ba ta hawa. Wadda ta fito tsaf, turare ko zuma. In ta sha hannu, man shanu ko man gyaɗa. Daga nan kananzir, fetur, fiya-fiya. Ƙarshenta a fasa ta a dasa a kan katanga saboda ɓarayi. Wadda ta taɓa shan fetur kuwa, ko da ruwan dam gaba ɗaya aka wanke ta, ita da turare har abada.

Ya Kura Babarbariya ce, daga wani gari a bakin Tafkin Chadi. Aure ya kawo ta, ta biyo Sheriff mai fataucin bandar kifi, ta zo ba ta jin Hausa sai gaisuwa. Yarinyar da ta tashi inda ido yake tafiya ba ya cin karo da komai sai ruwa da sararin sama, aka kawo ta aka ajiye tsakanin duwatsu. Da Sheriff ya ga kewar gida tana cin ta, ya ɗauke ta ya kai ta bakin dam don ta ga ruwa. Ta duba, ta duba, ta ce masa wannan ai kwatarniya ce.

Abin da ya riƙe ta a garin kwalba ce guda. Ranar da za a tafi da ita, mahaifiyarta Ya Falmata ta damƙa mata ita a hannu: koriya, mai kauri, mai faɗin kafaɗa, da ɗan giɓi a baki, cike da baƙar humra. Ita ce uwar humra. Ba a wanke ta. In ta yi ƙasa sai a ɗora sabon haɗi a kan abin da ya kwanta a gindi, farcen turare da sandal da miski da suka daskare baƙi kirin kamar kwalta. Ya Falmata haka ta gaje ta da kwancinta. Ita kuma Ya Kura duk zuwa ganin gida da kwalbar take tafiya a cikin zani, tsohuwar ta cika mata da hannunta.

Ya Falmata ba ta taɓa gaya mata awo ba. Babu cokali kaza na wannan, babu murfi kaza na wancan. In Ya Kura za ta yi haɗi, sai ta shinshini uwar, ta shinshini sabon, ta ƙara abin da ya rage, har su zo daidai. Sannan duk kwalbar da za ta sayar sai ta ɗiga mata ɗigo daga uwar. Ba ta ƙara kuɗi a kansa, ba ta ma gaya wa mai saye. Haka ta ga ana yi a ɗakinsu.

Sai rikicin nan ya zo da ya tashi garuruwan gabas. Garinsu ya watse. Aka ce an ga Ya Falmata cikin waɗanda suka tsallaka Nijar, aka ce ba a gan ta ba, sai can wani mai baƙuwar murya ya kira a waya ya ce Allah ya yi mata rasuwa tun da damina. A ina aka binne ta? Bai sani ba, shi ma gaya masa aka yi. Hanya ta mutu, fataucin kifi ya mutu, Sheriff bai daɗe ba shi ma ya bi. Ya rage daga Ya Kura sai ɗanta Muhammad Nur, sai koriyar kwalba. Da asuba in ta idar da salla takan zare toshiyar kaɗan, ta rufe ido. Ɗakin uwarta ne yake buɗewa, da hayaƙin kifi daga tsakar gida, da lafaya mai ɗumi a kan igiya, da tsohuwar tana ce mata ta matsa ta ba ta haske.

Da can a akwati take ajiye ta. Amma mutane ba su da ta-ido. Wannan ta ce a sam mata na asalin, waccan ta ce amaryarta ce ta fari, a ɗan ɗiga mata, wata ma hannu take kai wa akwatin da wasa. Sai Ya Kura ta naɗe kwalbar a tsumma ta cusa ta tsakiyar buhun manyan kwalabe a ƙarƙashin gado, inda ba mai tunanin dubawa. Ba ta gaya wa kowa ba, har ɗanta.

Bana aka kira ta gyaran amarya a Babura. Ta tsiyaye kusan duk ruwan uwar ta yi haɗin biki da shi, da niyyar in ta dawo ta cika ta, ta mayar da ita buhu daga ita sai kwancin gindi, ta tafi ta kwana biyu a can.

Muhammad Nur magini ne. Ya daɗe abin yana damunsa, yana shimfiɗa wa mutane tayil a gidajensu, ɗakin uwarsa daɓe duk ya farfashe, buhuna har bakin ƙofa, ga shi bara kunama ta fito daga cikinsu ta harbe ta. Yana ganin ta hau mota ya tuɓe riga. Ya fitar da kaya, ya yi daɓen siminti, ya shafa fenti, ya kira Ɗayyabu mai kwalabe ya ce ya kwashe buhunan duka. Har kasuwa ya je ya sayo mata robobi sababbi masu murfi kala-kala, ya jera a kan kanta.

Namiji ke nan. Zai shiga ɗakin da mace ta ƙarar da ƙuruciyarta tana shiryawa, ya ga tarkace, ba zai ɗaga waya ya tambaya ba don kada ya ɓata abin mamaki.

Ranar da ta dawo yana tsaye a bakin ƙofa, baki har kunne.

"Iya, sannu da hanya. Shiga ki gani."

Ta shiga. Warin fenti ya tare ta. Abba take kiransa, don sunan mahaifinta ya ci.

"Abba, ina buhunan?"

"Na raba ki da su. Kin manta kunamar bara? Ga robobi can, ko faɗuwa suka yi ba sa fashewa."

"Na ƙarƙashin gado fa?"

"Har shi. Shi ne ma ya fi nauyi."

Ta zauna a ƙasa, a kan sabon simintin, da lafayarta ta biki. Ya dube ta, murmushin ya fara gushewa.

"Iya, in ta Kaka ce, ban taɓa akwati ba. Yadda kika kulle shi haka yake."

"Ba ta akwati."

Ba ta zage shi ba, ko da kalma ɗaya. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Sai ta miƙe ta ce ya tayar da mashin.

Rumfar Ɗayyabu tana bayan kasuwa, kwalabe tsibi-tsibi, kowace da 'yan'uwanta, masu faɗin baki gefe guda, masu dogon wuya gefe guda. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya saurara, ya sosa ƙeya.

"Koriya mai kafaɗa, da baƙin datti a gindi? Ya Kura, ni hancina ya daɗe da mutuwa, fiya-fiya ta gama da shi. Ban ji komai ba. Amma ran nan da na koma gida mai ɗakina ta kama rigata ta shinshina, ta ce in gaya mata gidan uban wa na biya. Ashe ke kika ja min."

"Tana ina?"

"Manyan duk Roni na kai su, ranar kasuwa. Nan da nan aka wawashe."

"Su wa?"

"Manya ai kin san masu saye. Masu fetur ne, sai 'yan man shanu."

Kwanakin da suka rage kafin kasuwar Roni ta sake ci, Ya Kura ba ta ci abin kirki ba. Addu'arta ɗaya ce, kada a zuba fetur, kada a wanke. Ko a bola aka jefar da ita ta yarda, muddin kwancin yana nan.

Ranar kasuwa Muhammad Nur ya goya ta. Tun daga shiga gari ta sa shi tsayawa a teburin kowane mai fetur. Duk koriyar kwalbar da ta hango da jan mai a ciki sai ta sauka, ta shafa bakin da yatsa tana neman giɓi. Wani ya ce, "Hajiya, lita nawa?" Wani ya ce in mai gauraye take zargi ta tafi gidan mai. Ta wuce teburin gaba. Babu ita a cikinsu, kuma ba ta san ko ta gode wa Allah ko ta ƙara tsorata ba.

Rana ta take suka gangara layin masu nono. Tana tafe tana leƙen ƙore, sai ta ji wata mata tana tsokanar wata dattijuwar Bafulatana.

"Inna Dudu, yau ma man amare kika kawo mana? Na ran nan maigidana ya sa loma ɗaya ya ce wa ya zuba wa miyar kuka turare."

Matan layin suka kwashe da dariya. Inna Dudu ta kaɗa hannu.

"Ke dai bari. Kada ki tuna min da shegiyar kwalbar nan."

Ya Kura ta tsuguna a gabanta, ta yi sallama, ta gaishe ta da gida da shanu.

"Baiwar Allah, wace kwalba ce?"

"Wata koriya na saya, na ga kaurinta na ce ta zuba mai ce. Na ɗauraye na ɗura, duk wanda na auna wa sai da ya dawo min da shi. Na ce ni da ke. Na sa toka, na sa yashi, na sa ruwan zafi, ƙamshi yana nan. Na samo tsinke na kankare baƙin nan na gindi tas. Na jiƙa ta da tsamiya ta kwana, na shanya ta a rana. Wallahi na sha wahala kafin ya fita. Amma duba."

Ta ɗaga faifai ta zaro ta. Kwalbar tana sheƙi, ana hango kasuwa ta cikinta. Ya Kura ba ta taɓa ganin gindinta ba sai ran nan. Ta karɓa da hannu biyu, yatsanta ya sami giɓin. Ta kai hanci. Tsamiya, toka, ɗan ƙaurin man shanu. Ta sake ja har ƙirjinta ya cika. Shi ke nan abin da ke ciki.

Inna Dudu ta daina murmushi.

"Taki ce?"

"Ta uwata ce."

"Tana da rai?"

Ya Kura ta girgiza kai.

"Ruwan wankin," in ji Ya Kura, "a ina kika zubar?"

"Bayan ruga. Shanu sun tattake wurin." Ta tura mata kwalbar jikinta. "Ɗauki abarki, 'yar'uwa. Allah ya ji ƙanta. Ban sani ba."

Wa za ta kama da laifi? Matar nan wanki ta yi, irin wanda ita kanta Ya Kura take alfahari da shi.

Ta dawo gida ta ajiye kwalbar a kan kanta kusa da robobin, ta daina haɗi. Ta gwada sau ɗaya. Ta soya farce, ta daka, ta jera madarar turare, ta kai hannu inda uwar take, sai ta tuna. Ta tattara ta rufe. Mata suna zuwa tana ce musu babu. Fuskar Ya Falmata in ta rufe ido tana gani, muryarta ma tana iya jiyowa, amma ƙamshi ba ya zuwa don an kira shi. Tana jin yana nesa da ita kullum, kamar kwalekwalen da ya bar gaɓa. Muhammad Nur ya koma shigowa gidan kamar baƙo, ya gaishe ta daga bakin ƙofa, ya ajiye cefane, ya fita.

Wata ranar da la'asar sai ga maƙwabciyarta Monica, tela, mutuniyar Filato, wadda unguwa ke kira Maman Emma. A duk masu cin kwalabenta babu kamarta, sun yi shekara da shekaru suna wannan faɗan ta kan katanga. Ta shigo da buhun bagko yana ƙara, ta dire a gabanta.

"Ga kwalabenki, Ya Kura. Ki huta da zagina da yarenku, don na san zagina kike yi."

"Mayar da su, Maman Emma. Me zan zuba?"

"Ni dai na kawo. Amma ban wanke ba, kada ki ce ni ƙazama ce."

Ya Kura ta ɗago.

"Ba ki wanke ba?"

"In wanke in ci me? Kina tsammanin gyaɗa nake zubawa a ciki? A akwati nake jefa su, baki buɗe, cikin zannuwan zuwa coci. Ranar Lahadi in na wuce har matar fasto sai ta waiwayo. Kuma ba ni kaɗai ba ce, duk matan unguwar nan haka suke yi. Ke kaɗai ce ba ki sani ba, kina ta faɗa."

Ya Kura ta jawo buhun. Ƙananan kwalaben maganin yara ne, nata, wankin hannunta, kowace da ɗan baƙin zobe a gindi. Ta ɗaga ɗaya ta shinshina, ta ajiye. Ta ɗaga wata. Maman Emma ta tona can ƙasa ta zaro wata mai ruwan ƙasa.

"Wannan ce ta fari. Lokacin ina goyon Emma, kin dawo daga garinku kin ba ni kyauta. Ga shi yau Emma har gemu."

A lokacin Ya Falmata tana da rai, kuma a wannan zuwan da hannunta ta cika uwar. Ya Kura ta kai kwalbar hanci. Ta daɗe a haka. Maman Emma ta ja kujera ta zauna kusa da ita.

Washegari Ya Kura ta yafa lafaya ta shiga gida-gida. Matan da suka saba ɓuya in sun hango ta suka ga ta zo da tambaya ɗaya: "Kin wanke?" Wasu sun wanke sun zuba yaji, wasu yara sun fasa. Amma da yawa suka buɗe akwati da kunya suka fito da su, daga cikin atamfofi, daga cikin kayan haihuwa. Kowace ta kawo gida sai ta ɗiga mata madarar sandal, ta toshe, ta bar ta ta jiƙa, ta girgiza, ta kife bakinta a bakin koriyar har ɗigon ƙarshe. A hankali gindin ya fara duhu.

Ranar da ta ɗora sabon haɗi a kai, ita ta kira Muhammad Nur ɗakin. Ya shigo ya durƙusa a kan simintinsa. Ta miƙa masa kwalbar ya shinshina.

"Iya, ya dawo?"

"Bai dawo ba, Abba." Ta karɓa ta toshe. "Da, ina buɗewa ɗakinta nake shiga. Yanzu kamar ta wuce ta ƙofar gida ne, na fito ban same ta ba." Ta naɗe kwalbar a tsumma. "Duba da kyau. Ƙarƙashin gado, ta wajen kai. Ka gani?"

"Na gani."

"Robobinka kuma ka kwashe ka zuba ƙusa."

Ta koma sana'arta, faɗan ma ya dawo, sai dai an yi masa ƙari. Yanzu in ta riƙe wuyan kwalba cewa take, "Aro ce, ki dawo min da ita, kuma kada ki kuskura ki wanke." Sababbin ba su dame ta sosai ba. Tsofaffin take nema, na zamanin da ake zuwa gida a dawo. Amaren da ta gyara a shekarun nan aure ya watsa su, wata tana Gwiwa, wata Yankwashi, wata an ce ta haye Nijar. Duk sanda aka kwatanta mata inda ɗaya take, sai ta yafa lafaya ta ce wa Abba ya tayar da mashin, ko Allah zai sa akwatin matar yana nan, ba a kuma yi masa shara ba.